Wa Ke Biyan Kuɗin Muryar Da Ke Ƙetare Kogin Kaduna?

A cikin birnin Kaduna, kudu da kogi, akwai wata unguwa sukutum da ake kira Talbijin, tana da kasuwarta, tana da tashar motarta, har yaran mota sukan tsaya bakin titi suna kiran sunanta kamar yadda ake kiran Zariya ko Kafanchan. Sunan nan kaɗai ya isa shaida a kan irin zurfin da aikin watsa labarai ya yi cikin rayuwar mutanen wannan gari. Daga Kakuri zuwa Makera, daga Barnawa zuwa Narayi da Sabon Tasha, da wuya a sami gida ko rumfar mai shayi inda ba a jin muryar rediyo tun da asuba. Amma kaɗan ne daga cikin masu sauraro suke tsayawa su tambayi kansu wanda yake biyan kuɗin wannan murya. Wanda ya biya kuɗi shi yake da ta cewa, saboda haka ya kamata ma'aikacin gwamnati da ɗalibi su san hannun da ke ciyar da gidajen rediyo da talbijin.

Asalin Al'amarin

Tsarin mulkin shekarar 1954 shi ne ya bai wa jihohin ƙasar nan uku na wancan zamani ikon kafa gidajen watsa labarai nasu na kansu. Jihar Yamma ce ta riga kowa, ta buɗe talbijin a Badun cikin watan Oktoba na 1959, Jihar Gabas ta biyo baya a Inugu cikin 1960. Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kafa Kamfanin Watsa Labarai na Arewacin Nijeriya tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila guda biyu, watau Granada da EMI, aka kuma fara aiki cikin watan Maris na 1962 da sunan Rediyo Talbijin Kaduna.

Dalilin zuba wannan dukiya a bayyane yake. Arewa ƙasa ce mai faɗi, masu karatun boko kuwa ba su da yawa a lokacin, jarida ba ta isa ko'ina ba. Murya ita ce kawai za ta iya shiga ƙauye ba tare da mota ko hanya ba. Da aka kafa manyan na'urorin aika murya a Jaji, sai Rediyon Kaduna ya wuce iyakar Nijeriya, ana kama shi a Nijar da Kamaru da Cadi da Gana. Gwamnatin wancan lokaci ta ɗauki rediyo tamkar makaranta ko asibiti, watau aikin da ake yi wa jama'a daga baitulmali, ko ya kawo riba ko bai kawo ba.

A daidai wannan zamani ne kudancin kogi ya zama unguwar masana'antu. An buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri cikin 1957, wasu masaƙu suka biyo, aka kafa ma'aikatar ƙera makamai cikin 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki cikin 1975. Dubban ma'aikata suka taru daga kowace kusurwa, Gbagyi masu ƙasa da Bajju da Atyap da Ham da Adara da Tibi da Nufawa da Yarbawa da Ibo da Hausawa. Harshen da ya haɗa su a bakin injin da cikin kasuwa shi ne Hausa, rediyon da yake magana da su da wannan harshe kuwa shi ne na Kaduna. Wannan ne ya sa wasan Samanja Mazan Fama, na marigayi Usman Baba Pategi, ya sami karɓuwa ƙwarai a waɗannan unguwanni, domin Hausar bariki da ake yi a cikinsa ita ce Hausar da ma'aikacin masaƙa yake ji kullum a bakin maƙwabcinsa. Kuɗin gwamnati ne ya haifi wannan wasa, haka kuma Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, da shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori.

Daga Hannun Jiha Zuwa Hannun Tarayya

Bayan da aka raba ƙasa jihohi goma sha biyu cikin 1967, gidan ya zauna a ƙarƙashin hukumar da ke riƙon kadarorin da jihohin Arewa shida suka gada tare. Cikin 1977 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Talbijin ta Ƙasa, NTA, ta karɓe dukkan gidajen talbijin. Cikin 1978 aka sake fasalin rediyo, ɓangaren rediyon Kaduna ya shiga cikin Hukumar Rediyon Tarayya, aka kuma miƙa wa jihohi ƙananan tashoshin da ke cikinsu.

Shekarun nan na yalwar kuɗin man fetur ne, al'adu ma sun sami rabonsu. Cikin 1977 aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a Ikko, Kaduna kuwa ita ta karɓi baƙuncin babban hawan daba, har aka gina Otal ɗin Durbar saboda baƙin bikin. Sai dai an fi kashe kuɗi a kan gini da biki bisa ga tanadin abin da zai riƙe su gobe. Otal ɗin nan ya daɗe a rufe cikin shari'a, daga ƙarshe aka rushe shi cikin watan Janairu na 2020.

Da farashin mai ya faɗi, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu cikin 1986, sai dokar soja ta 1988 ta sa gidajen rediyo da talbijin na tarayya cikin jerin hukumomin da za su nemi wani kashi na kuɗin gudanarwarsu da kansu. Daga nan al'adar sayar da lokaci ta yi ƙarfi, har ta kai ga a biya kuɗi kafin a ɗauki labarin taro. Mai hali ya sami bakin magana, marar hali ya koma ɗan sauraro. Wannan canji ya zo wa mutanen kudancin kogi a mummunan lokaci, gama masaƙar Kaduna ta rufe cikin 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsaya cikin 2007, tsofaffin ma'aikata da yawa suka shekara da shekaru suna neman haƙƙinsu. Mutumin da ba ya da kuɗin abinci ina zai sami na sayen minti goma a rediyo?

Zamanin Lasin

Cikin 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da doka mai lamba 38, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talbijin ta Ƙasa, NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Kaduna tana cikin garuruwan da suka fara cin moriyar wannan, domin tashar DITV tana cikin gidajen talbijin masu zaman kansu na farko a ƙasar nan. Daga baya aka sami irin su Nagarta da Liberty da Freedom. Lalle an sami ci gaba, muryoyi sun yawaita, gwamnati ta fara jin suka daga bakin talakawa kai tsaye ta wayar tarho.

Amma fa ya kamata a lura da yadda ake samun lasin ɗin. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ce ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, ba mai ikon mallakar gidan rediyo ko talbijin sai wanda Shugaban Ƙasa ya amince masa. Hukumar NBC tana duba takardu ne ta ba da shawara, sa hannu na Shugaba ne. Lasin yana aiki shekara biyar, kuɗinsa miliyoyin naira ne, ga kuma wani kashi da ake biya daga abin da tasha ta samu kowace shekara. In an haɗa da kuɗin man janareto da albashi, sai a ga cewa mai arziki ko ɗan siyasa ne kaɗai zai iya jure wannan nauyi. Rediyon al'umma, wanda unguwa ko ƙungiya za ta riƙe ba don riba ba, bai fara samun lasin ba sai cikin 2015.

Nauyin ya fito fili cikin watan Agusta na 2022, lokacin da NBC ta ba da sanarwar soke lasin tashoshi 52 saboda bashin da ya kai naira biliyan 2.6, a cikinsu har da tashoshin gwamnatocin jihohi da dama. Daga baya an dakatar da hukuncin. Abin lura shi ne, gwamnatocin da suka kafa tashoshi da kansu sun kasa biyan kuɗin lasinsu. Ta fuskar tara kuma, cikin 2020 an ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, sai wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cikin watan Mayu na 2023 cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara.

Kuɗin Akwati Ina Yake Shiga?

Akwai wani lasin na biyu wanda mutane da yawa ba su san da zamansa ba, shi ne na mallakar akwatin rediyo da na talbijin. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa karɓar wannan kuɗi cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ke nan mai shago a Kakuri ko Barnawa yana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, na Sabon Tasha da Narayi kuwa yana ƙarƙashin Chikun. A ɗaya gefen, dokar NBC, bayan gyaran da aka yi mata cikin 1999, ta ce hukumar ce za ta tara wannan kuɗi ta riƙe amana, ta rarraba wa gidajen watsa labarai. Tsarin mulki yana gaba da kowace doka, saboda haka kuɗin ya tsaya a matsayin harajin ƙaramar hukuma, wadda ba ta da gidan rediyo, ba kuma abin da ya tilasta mata miƙa ko kwabo ga mai shi.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. A Ingila gidan da ke kallon talbijin ya biya fam 174.50 a shekarar 2025, kuɗin kuwa shi ne ginshiƙin BBC. A Jamus an tsayar da Yuro 18.36 kowane wata a kan kowane gida tun 2021. Faransa ta soke nata lasin cikin 2022, ta koma biyan gidajenta daga haraji. Hanyoyin sun bambanta, amma a kowace an san inda kuɗin ya fito, an san inda ya nufa.

Sauyin talbijin zuwa tsarin dijital ma ya taɓo wannan magana. An ƙaddamar da shi a Jos cikin 2016, aka zo Kaduna cikin watan Disamba na 2017, aka ce mai akwatin kama tashoshi zai riƙa biyan ɗan kuɗi kowace shekara. Wa'adin da ƙasashe suka amince da shi na kammala sauyin shi ne watan Yuni na 2015, Nijeriya kuwa ba ta cika shi ba. A tsakanin nan masu hali sun koma tauraron ɗan'adam, matasa sun koma wayar hannu.

Abin Da Ke Cikin Hatsari

Wani zai ce, tun da tashoshi sun yi yawa, me ya sa za a damu da na gwamnati? Amsar tana cikin tarihin garin nan. Rikicin shekarar 2000 da na 2002 sun raba mazaunan Kaduna, Musulmi da yawa suka koma arewa da kogi, Kirista da yawa suka koma kudu. Yaron da aka haifa a Unguwar Romi bayan wannan lokaci yana iya girma bai taɓa zama aji ɗaya da yaron Unguwar Sarki ba. Masaƙun da suke haɗa iyayensu sun yi shiru. Abin da ya rage yana ƙetare kogin kullum ba tare da neman izini ba shi ne muryar rediyo da harshen Hausa. Tashar ɗan kasuwa tana bin masu sauraron da za su kawo mata talla, ba kuwa laifinta ba ne. Tashar jama'a ce kaɗai za a iya ɗora wa wajibcin ta yi magana da ɓangarorin biyu, ta ba Gbagyi da Bajju da Fulatanci lokaci, ta aika wakili Kudenda da Gonin Gora ko ba wanda ya biya.

Akwai kuma maganar taska. Shekara da shekaru gidajen Kaduna suna ɗaukar muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, da hirarrakin shugabanni, da kiɗan ƙabilun Arewa. Faifai da kaset ba sa jure zafi da ƙura da laima har abada. Manufar al'adu ta ƙasa da aka ƙaddamar cikin 1988 ta yi maganar adana kayan gado, amma manufa ba ta aiki sai da kasafi.

To, ina mafita? Da farko, Majalisar Tarayya ta warware saɓanin da ke tsakanin tsarin mulki da dokar NBC, a san mai karɓar kuɗin akwati, a kuma riƙa buga lissafinsa kowace shekara. Na biyu, a ware wa gidajen gwamnati kasafin shirye-shirye dabam da na albashi, bisa sharaɗin su daina karɓar kuɗi a kan labarai. Na uku, a sauƙaƙa lasin rediyon al'umma, yadda unguwanni irin su Kakuri da Sabon Tasha za su iya riƙe ƙaramar tasha. Na huɗu, a juye tsofaffin faya-fayai zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, inda ɗalibai za su iya zuwa su saurara.

Ma'aikacin da ke rubuta kasafi a ma'aikatar watsa labarai, da ɗalibin da zai gaje shi gobe, su ne za su yanke ko wannan murya za ta ci gaba da zama ta kowa, ko ta koma ta mai kuɗi kaɗai. Magabata sun yi nasu da ɗan abin da gyada da auduga suka kawo. Allah ya ba na yanzu ikon riƙe amana.