Gyara Harshe Wajen Ambaton Sunayen Allah

Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya. Ni kuwa a ganina babu wurin da ya kamata mutum ya lura da bakinsa kamar lokacin da yake kiran sunan Ubangijinsa. A garinmu Kasuwar Daji, da Kaura Namoda, har zuwa Shinkafi da Zurmi, kullum asuba da magariba za ka ji ana wuridi da hailala, almajirai kuma sun kewaye wuta suna karatu. Abin tambaya shi ne, sunayen nan da muke ta ambata, muna faɗinsu daidai kuwa?

Asalin wahalar ita ce akwai baƙaƙen Larabci da babu irinsu a Hausa, saboda haka sai harshenmu ya maye gurbinsu da abin da ya saba. Dubi harafin nan da muke kira lodi. Daga "alwudu'u" muka sami alwala, daga "alƙadi" muka sami alƙali, "darura" kuma ta zama larura. A zancen kasuwa wannan ba laifi ba ne, don kalmomin sun riga sun zama Hausa. Amma a salla da zikiri al'amarin ya sha bamban, domin sauya harafi ɗaya yakan juya ma'ana.

Ga misali. Sunan Allah "Al'alimu", wato Masani, da aini ake faɗinsa, daga tsakiyar maƙogwaro. In aka faɗe shi da hamza, ya koma mai raɗaɗi, kalmar da ake siffanta azaba da ita. Haka nan "Alkhaliƙu", Mahalicci. Larabci yana da baƙaƙe uku da mu duk "ha" muke ce da su. In mutum ya ɗauko wanda ba shi ba, sai ya ce mai aski, alhali yana nufin Mai halitta. Ko kabbarar salla ma malamai sun yi gargaɗi a kanta. Wanda ya ja farkon sunan Allah ya mai da maganar tambaya, wanda kuma ya ja ƙarshen "akbar" ya faɗi kalmar da ke nufin ganguna. Sunan Allah kansa yana da ƙa'ida: lam ɗinsa yakan yi kauri a Abdullahi, ya sirance a bisimillahi, gwargwadon wasalin da ya gabace shi.

Kada wani ya ce wannan tsanani ne. Mu ma a Hausa in baƙo ya ce gari yana nufin garin tuwo, amma bai ja wasalin ba, ai kwatancen hanya za a yi masa. Kuka na hawaye da kuka ta miya kuwa, hawa da saukar murya kaɗai ya raba su.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. Yawancinmu a fim muka san mutanen Indiya, to amma mabiya addinin Hindu suna da littattafai da ake kira Beda, cikin harshen Sanskirit, waɗanda suka riƙe da ka fiye da shekara 3,000. Mafi tsufa a ciki, Rigbeda, yana da waƙoƙi 1,028. Suna da ilmi na musamman, Shiksha, mai koyar da mafitar kowane sauti, da tsawonsa, da hawa da saukar murya. Ɗalibi yakan haddace baiti, sa'an nan ya karanta shi kalma kalma, ya kuma saƙa kalmomin gaba da baya, don kada ko wasali ɗaya ya ɓace. A labarinsu akwai wani Tabashtar da ya roƙi ɗa wanda zai kashe Indra, sai ya ɗaga murya a inda bai kamata ba, kalmar ta koma wanda Indra zai kashe, haka kuwa aka yi. A 2003 hukumar UNESCO ta sa wannan karatu nasu cikin manyan abubuwan gado na duniya.

Mu namu ilmin shi ne tajwidi. Shehu Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 1429, ya ƙidaya mafitar baƙaƙe 17, tun daga ƙirji da maƙogwaro har leɓɓa da hanci. Kakanninmu sun yi ƙoƙari matuƙa wajen hadda da rubutu bisa riwayar Warshu, kuma tun da Jami'ar Sakkwato ta fara shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, tajwidi ya ƙara yaɗuwa har ƙauyuka.

Sai dai wannan ilmi ba a ɗaukarsa daga takarda kaɗai. Dole ka zauna gaban malami, ka ji daga bakinsa, ka maimaita, ya gyara maka. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kowa ya ɗauki suna ɗaya cikin sunaye 99 a kowane mako, ya kai wa malamin Arabiyya bayan sallar la'asar. In mun koma gida hutu kuma, kada mu yi wa dattawa dariya, mu koya wa ƙannenmu cikin ladabi. Wanda harshensa ke da nauyi kada ya karaya, don ya zo a hadisin Buhari da Muslim cewa mai karatu da wahala yana da lada biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya gyara mana harsunanmu, amin.