Madarumfa: Wahalar neman inji idan a-kori-kura ta tsufa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Madarumfa a ranar Litinin ko Juma'a, ranakun da kasuwar Maraɗi ke ci, ba zai rasa cin karo da tsofaffin motocin a-kori-kura ba, an yi musu lodi har sun durƙusa. Tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu kilomita 20 ce da ɗoriya, amma a kan waɗannan motoci ne gero da wake da aya da zogalen fadamar Gulbin Maraɗi da kifin tafkin Madarumfa ke isa hannun masu saye. Su ne kuma ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyukan Gabi ko Safo idan dare ya yi. Shi ya sa ranar da injin irin wannan mota ya buga, ba mai ita kaɗai ke shiga uku ba, har da direba da yaran mota da 'yan dako da iyalansu.

Akasarin motocin iri biyu ne: Peugeot, wato fijo a bakin jama'a, da kuma Toyota Hilux. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da samfurin 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Wannan ne ya sa kayan gyaranta suka wadata a ƙasar Hausa shekara da shekaru. To amma yau ko mafi ƙuruciyar 504 ta doshi shekara 20, don haka samun injinta mai sauran ƙarfi ya zama jidali. Ita kuwa Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, injinanta na da irin su 22R mai shan fetur, da 2L da 3L da 5L masu shan gas, sun yi suna wajen juriya, kuma bakaniken ƙauye na iya kwance su ya ɗaure ba tare da kwamfuta ba.

Inji ba ya mutuwa sai ya yi gargaɗi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta cewa ring ya cinye, baƙin mai na shiga inda ake ƙona mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, tare da raguwar ruwan lagireto, na nuna gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage, abin da ya fi samun 2L da 3L idan suka yi zafi. Ƙwanƙwasa daga ƙasan inji kuwa metal ne ya tafi. A wannan yanki abubuwa uku ke gaggauta tsufan inji: ƙurar hunturu da ke ratsa tsohuwar filta, lodin da ya fi ƙarfin mota a cikin rairayi, da gurɓataccen man da akan ci karo da shi a kwalaben bakin hanya.

Idan abin ya faru, hanyoyi uku ne a gaban mai mota. Ta farko, a sauke injin a yi masa gyaran gaba ɗaya: a kai bulo da kiranshaf wurin masu injin yanka, a sa sababbin fistan da ring da metal. Sai dai yankan na da iyaka. Akan fara daga milimita 0.25, a je 0.50, a wasu injinan har 1.00, daga nan ƙarfe ya ƙare. Yawancin motocin da suka ci dubban ɗaruruwan kilomita sun riga sun cinye wannan dama, ga kuma jabun kayan gyara da ke mayar da aiki baya cikin 'yan watanni.

Hanya ta biyu ita ce sayen injin da aka yi amfani da shi a ƙasashen waje, wanda ake kira ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano, ko da kuwa bai taɓa ganin Beljiyam ba. Da yawa daga Japan suke fitowa, inda tsadar binciken lafiyar mota ke sa a yi watsi da ita tun da sauran ƙarfinta, sai a farke ta a tura kayan ta kasuwannin Sharja da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Mutumin Madarumfa kan fara nema a Maraɗi. In bai dace ba, ya bi ta Ɗan Isa ya tsallaka Jibiya zuwa Katsina, ko ya zarce kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake kawo kaya daga Ladipo ta Legas. Ta uku ita ce sauya jinsi, wato a ɗora wa mota injin da ba nata ba, aikin da ke buƙatar sabuwar kujerar inji da daidaita giya, kuma in bakanike bai ƙware ba, an sayi wahala da kuɗi.

Farashin inji a Madarumfa siyasar kan iyaka ce ke yanka shi. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake datse hanyar Ɗan Isa da Jibiya har zuwa Maris na 2024. Ko bayan ɗage takunkumin, Nijar ta bar iyakarta da Binin a rufe, abin da ya tilasta wa kayan da a da ke shigowa daga Kwatano ta Gaya zagayawa ta Lome da Burkina Faso, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗi. A ɗaya ɓangaren, faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara wa mai sefa ƙarfi a kasuwannin Katsina da Kano, ko da yake su ma dillalan can da dala suke sayo kaya, don haka ribar canjin ba ta kai yadda ake zato ba.

Babban tarkon da ke kasuwar shi ne injin gida da aka wanke da fetur, aka fesa masa fenti, aka jera shi cikin 'yan Beljiyam. Don haka kada mutum ya je shi kaɗai. Ya ɗauki bakanikensa, ko da zai biya masa kuɗin mota da abinci. A duba lambar da ke jikin bulo a tabbatar irin injin ne. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. A juya kiranshaf da sifana a ji ko yana tafiya ba tare da sarƙewa ba. A lura da kusoshi, domin wanda aka taɓa kwancewa ba ya ɓuya. In da hali, a tayar da injin a ƙasa a ga hayaƙinsa. A kuma fayyace tun farko ko cikakken inji ne da famfon gas da kafireto da sitata, ko rabi ne, domin nan ne rigima ta fi tashi. Injinan zamani masu ƙwaƙwalwar lantarki kuwa, sai an haɗa da wayoyinsu da na'urarsu, in ba haka ba an sayi ƙarfe ne kawai.

Sai maganar takarda. Rasit mai ɗauke da lambar inji da adireshin shago da kwanakin garanti shi ne garkuwar mai saye a gaban jami'an duwan da jandarmomi, shi ne kuma zai wanke shi in aka ce injin na sata ne. Wanda ya sauya daga fetur zuwa gas, wajibi ne ya gyara takardar motarsa, tun da an rubuta irin man da take sha a ciki. Bayan an ɗora, a sa sabon bel na taimin ga injinan 2L da 3L da 5L, wanda ƙa'idarsa kilomita 100,000 ce kuma tsinkewarsa na lalata inji, a wanke lagireto, a sauya filta da baƙin mai. Tsohon lagireton da ya kashe injin farko ba zai ji tausayin na biyu ba.

Araha dai ba ta ado. A 'yan shekarun nan ƙauyukan kan iyaka na yankin Madarumfa sun sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu, saboda haka motar da ta mutu a daji bayan magariba ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba. Wanda injinsa ya fara hayaƙi tun da damina, gara ya fara tanadi da cigiya kafin kaka, lokacin da lodi ke yawa, kowa ke neman inji, dillali kuma ba ya sauraron tayi.