Rogo Mai Ɗaci: A Jiƙa Kafin A Ci

'Yan'uwa manoma, a shekarar 1981 aka yi fari a arewacin Mozambik. Abinci ya ƙare sai rogo mai ɗaci, yunwa kuwa ta hana mutane jira ya jiƙu. Mutum fiye da 1,000 ƙafafunsu suka sanƙare, yawancinsu mata da yara. Sunan ciwon konzo. An same shi a Kwango da Kamaru ma.

Ga dalili. Rogo mai ɗaci yana da dafi, fari kuma yakan ƙara masa ƙarfi. Dafin yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. In sun lalace ba su gyaruwa. Jiki yana iya kashe dafin, amma sai ya sami abinci mai gina jiki, watau wake, gyaɗa, kifi ko ƙwai.

Saboda haka mu fere rogonmu, mu jiƙa shi kwana 3 ko 4 har ya yi laushi, sa'an nan mu shanya. In gari ne, a kwaɓa da ruwa, a baza shi ba kauri a inuwa, awa 5, kafin a tuƙa. A gonar ƙungiya kuwa, kada mu dasa rogo mu manta da wake.