Kai Jariri Bakin Teku Karo na Farko

 

Yau hirar tamu za ta bar tsakar gida, za mu leƙa bakin teku. Na san wata za ta ce, ni da ko ƙofar gida ban cika leƙawa ba, me ya haɗa ni da teku? To 'yar uwa, da yawa daga cikinmu muna da dangi a Legas, a Agege ko Idi-Araba ko Obalende. Wasu danginsu na Nima a birnin Akara, wasu na Kwatano ko Lome. Wata kuma Allah ya nufe ta da umara, a kan hanyar dawowa a tsaya Jidda a bakin Bahar Maliya. Ranar da aka je ziyara, masu masauki kan ce, ai ba za ku koma ba ku ga teku ba. Maigida ya yarda, yara sun hau tsalle, ke kuma ga goyo a bayanki. A nan maganar take. Za mu ɗauki Legas a matsayin misali, domin can mutanenmu suka fi zuwa.

Mu fara da ruwan kansa. Wanda ke gaban Legas shi ake kira Tekun Atlantika, kuma ba irin ruwan da muka sani ba ne. Kogi gefe ɗaya yake tafiya, tafki kuwa a kwance yake. Teku zuwa yake yi ya koma, dare da rana. Igiyar ruwa za ta taso ta bugi gaɓa, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarki. Kina tsaye ruwa iya idon sawu, sai ki ji ƙasa tana zamewa. Igiyoyin kuma ba girmansu ɗaya ba: ƙanana za su yi ta zuwa har hankalinki ya kwanta, sai babba ta biyo baya ta kai inda sauran ba su kai ba.

Ban da wannan, teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa kamar awa 6. Jan da wata yake yi wa ruwa ne ya fi haddasa haka, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wajen daren 14. Ma'ana, busasshen wurin da kika shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da azahar. Ki duba inda yashi ya jiƙe da layin tarkacen da ruwa ya ajiye, ki yi shimfiɗarki can sama da shi sosai.

Akwai kuma wani abu da ya fi cin mutane. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yakan samu wata 'yar hanya ya koma cikin teku da gudu, kamar kwata a ranar ruwan sama. Abin yaudarar shi ne wurin yakan yi kama da inda ya fi lafawa, ba kumfa sosai, sai mutum ya ce nan ne ya fi daɗin shiga. Ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi kai tsaye. Ki gaya wa maigida da samarin gida: wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya nemi taimako, in ya iya iyo ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba, don ki san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Yaro ƙarami yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ba ya ihu, shiru ake ji.

To yaushe ya kamata a je? Kafin arba'in dai babu maganar wannan tafiya, ke ba ki gama warwarewa ba, shi ma bai yi ƙwari ba. A sati na 6 ake ci gaba da allurar rigakafi bayan ta haihuwa, sai sati na 10, sai na 14, sannan ta ƙyanda da shawara a wata 9. Ki duba katinsa kafin a sa ranar tafiya, kada ranar allura ta wuce kuna hanya, kuma ki tafi da katin a jakarki. In yaro yana zazzaɓi ko gudawa, a ɗaga tafiyar. Teku ba ya gudu.

Ta fuskar yanayi, damina a Legas ta fi tamu tsawo, ruwa yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan sassauta a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. A watannin damina teku ya fi hauka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi. Ranakun Sallah da Kirsimeti da Lahadi kuwa cinkoso ake yi, ga kiɗa, ga dawakin haya suna kai da kawo. Mace mai jariri, wadda kuma ba ta saba da shiga taro ba, za ta fi sakewa a tsakiyar mako da safe.

Wurin zuwa ma a tambaya. Iyayenmu da suka san Legas a da za su ce miki a je Bar Beach. Wannan wuri yanzu babu shi kamar yadda suka san shi, an cike shi da yashi ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Yanzu an fi zuwa ɓangaren Lekki, inda yawanci sai an biya kuɗin shiga, ko kuma Badagiri. Tarkwa Bay ruwansa ya fi kwanciya, amma sai an shiga jirgin ruwa kafin a kai. In babu rigar ceto daidai jikin jariri, ki haƙura da wannan. Duk inda za a je, maigida ya tambayi abu uku: akwai masu ceto? Akwai rumfa? Akwai bayan gida da ruwa mai tsabta? In kun ga jar tuta a kafe, ma'anarta kada kowa ya shiga ruwa.

Hanyar ma abin lura ce. Daga Kano zuwa Legas kilomita kusan 1,000 ne. In a mota ne, a riƙa tsayawa ki sauke yaro, ki ba shi nono, ki canza masa kunzugu. In a jirgin sama ne, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce; ki sa masa nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiyar tana rage masa toshewar kunne. Kada a sauka yau a ce gobe sai teku. Ku huta kwana biyu tukuna. Gidan sauro kuma shi ne farkon abin da zai shiga akwati, domin Legas gari ne na ruwa da sauro.

Yanzu ga ranar ta zo. Abokin gaba na farko ba ruwa ba ne, rana ce. Iskar teku tana da sanyi, sai ta ruɗe ki ki ɗauka babu zafi, alhali yashi da ruwa suna maido hasken rana sama, har ƙarƙashin lema yana shiga. Kada ki ce ai baƙar fata ba ta ƙuna. Fatar jariri siririya ce, tana ƙuna, kuma jikinsa ya fi naki saurin ɗaukar zafi. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a barinsa a rana kai tsaye. Inuwa, da riga mara nauyi ta auduga mai dogon hannu, da hula mai baki, su ne kariyarsa. Wanda ya wuce wata 6 ana iya shafa masa man kare zafin rana na yara a fuska da hannu da ƙafa. Ranar ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, don haka ku je da sassafe ko bayan la'asar, kuma awa ɗaya ko biyu ta isa a karon farko.

Ga wani abu da mu muka fi yi. Kin goya yaro, kin ɗaura zani, kin ƙara majanyi, sannan kin saki hijabi ya rufe shi ruf. A garin Legas mai gumi, wannan kamar kin sa shi cikin tukunya ne kin rufe. In kun isa rumfa ki sauke shi, ki kwantar da shi kan tabarma mai shimfiɗa inda iska ke ratsawa. Ki taɓa ƙeyarsa lokaci lokaci. In ta yi zafi tana gumi, ki rage masa kaya. Ki taɓa yashin da tafin hannunki kafin ki sa ƙafarsa a kai.

Sai maganar sha. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko da ana zafi, domin mafi yawan nono ruwa ne. Abin da za ki yi shi ne ki ƙara yawan ba shi, ke kuma ki sha ruwa sosai. Ki zaɓi lungun rumfa inda za ki shayar a tsanake. Wanda ya fara cin abinci, ki taho masa da kununsa a fulas da tafasasshen ruwa daga gida. Kada ki ba shi abin talla. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ba shi komai.

Ruwan teku kuwa ko ɗigo kada ya sha. A kowace lita akwai gishiri kamar giram 35, wato wajen ƙaramin cokali 6. Ruwan gishiri da sukarin da muke haɗa wa mai gudawa rabin ƙaramin cokali na gishiri ake sa wa lita ɗaya, da sukari ƙaramin cokali 6. Kin ga na teku ya ninka shi fiye da sau 10, ƙodar jariri ba za ta iya da shi ba. Wasu kan ɗebo shi a gora su kawo gida wai magani ne. Ba na jariri ba ne, ba sha ba, ba wanka ba, balle ma kusa da gari ƙazanta tana shiga cikinsa.

Alamun ruwan jikin yaro ya yi ƙasa su ne: kunzugu ya daɗe bai jiƙe ba, baki ya bushe, yana kuka babu hawaye, maɗiga ta faɗa, ko ya yi laushi ya ƙi kama nono. In kin ga haka, ba sauran yawo, sai asibiti, kina ba shi nono a hanya.

Yanzu ki buɗe kunne, wannan ita ce babbar maganar. Kada ki je gaɓar ruwa da goyo a bayanki, ko don ɗaukar hoto. Dogon hijabi da zani in sun jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Igiya ɗaya ta ture ki, kin faɗi, yaro yana ɗaure a baya, ba ki iya kai hannu gare shi, hancinsa kuma yana cikin ruwa. In kina son ki taɓa ruwan, kuma ya kamata ki taɓa tunda kin zo, ki miƙa yaro ga babba a rumfa, maigida ya riƙe hannunki, ki tsaya iya idon sawu, kuma kada ki juya wa teku baya.

Na ce babba fa. Ba Yaya 'yar shekara 8 ba, domin ita ma yarinya ce, idonta na kan dawaki. Inda mutane suka yi yawa a nan yaro ke salwanta, kowa yana zaton yana hannun wani. Ku raba aiki da baki: Abban yara, kai ne da su Sani, Inna, ke ce da jariri har in dawo. Wanda aka ba tsaron yara ya ajiye waya. Mai rarrafe da ɗan yaye kuwa kada su yi nisan da hannunki ba zai kai ba, kuma ki lura da abin da suke kai wa baki, akwai fasassun kwalabe da murafen lemo a cikin yashi.

In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, aka tsamo yaro daga ruwa, kada a riƙe shi kai a ƙasa ana jijjigawa, kada a danna masa ciki. In ba ya numfashi, a kwantar da shi a bayansa kan wuri mai tauri, ki rufe bakinsa da hancinsa da bakinki, ki hura a hankali sau 5, iya yadda ƙirjinsa zai ɗaga. Sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, wani kuma yana kiran 112 ko 767, lambobin gaggawa na Legas. Ko da ya farfaɗo yana wasa, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan wasu awoyi. In kin je awo ko rigakafi, ki roƙi malamar asibiti ta nuna miki wannan da hannu, gani ya kori ji.

Da kun koma masauki ki yi masa wanka da ruwa mai daɗi, ki wanke yashin da ya maƙale a wuya da hammata da matsematsi, ki shafa masa mai, ki sa shi cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya taso a kwanakin da suka biyo baya, a je a gwada jini, kada a ce gajiyar tafiya ce.

'Yar uwa, shi jariri ba zai tuna wannan rana ba. Ke ce za ki tuna. Mace ta yi shekaru tana hidimar gida, ta samu ta zauna ta ga ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, wannan abin farin ciki ne, kuma ba laifi ki nema wajen maigida cikin ladabi. Ki dai shirya tun daga gida: katin rigakafi, gidan sauro, hula, tabarma, tafasasshen ruwa, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, da mutum babba da zai karɓi yaro.

A nan za mu dakata. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.