Saƙar kwarashi a ƙasar Arewa: daga hular jariri zuwa ƴar tsana

A Dogonduci da Matankari, ko a Tibiri da Koremairuwa da Gesheme, duk jaririn da sunansa ya faɗo cikin watannin ɗari, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, da wuya a fito da shi gaban dangi ba da hular ulu da safa ba. Akasarin waɗannan kaya aikin hannun mata ne, masu saƙa da ƙaramin ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki da ake kira kwarashi. Yanzu da wayar salula ta shiga gidaje, ƴan mata suna ganin yadda ake saƙa zomo ko giwa ko raƙumi da wannan ƙarfe, a cusa musu auduga, su zama abin wasan yaro. Lamarin ya shafi aljihun uwa da ɗan kasuwa, ya kuma shafi lafiyar jariri.

Asalin sana'ar

Kalmar kwarashi daga Faransanci ta samo asali, inda take nufin ƙaramar ƙugiya. Saƙar ta bazu a ƙasashen Turai cikin ƙarni na 19. A Ailan, lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, iyalai da dama da ita suka riƙe rai, suna saƙa leshi ana sayarwa a waje. Ita kuwa saƙar ƙananan dabbobi masu cushe, Japanawa ne suka yi fice a kanta, suna kiranta amigurumi, kuma intanet ta yaɗa ta duniya bayan shekara ta 2000.

Ƴar tsana ba baƙuwa ba ce a Arewa. Tun kaka da kakanni ɗiya mata suna yin tasu da kara da tsumma ko da laka, su goya ta da ɗan zane. Malamai da yawa ma sun halatta ta ga yara, bisa hadisin da ya nuna Nana A'isha ta yi wasa da irinta a ƙuruciyarta. Bambancin shi ne, waccan ta yarinya ce mai wayo, wannan kuwa hannun jariri za ta shiga, shi ko jariri duk abin da ya kama baki yake kai shi.

Yadda ake yin ta

Masaƙiya tana farawa da ƙulli 6 a zagaye. A layi na biyu ta mai da su 12, na uku 18, na huɗu 24, tana ƙara 6 kowane layi har faɗin ya kai yadda take so. Daga nan ta yi ƴan layuka ba ƙari, sannan ta fara ragewa, abin ya dunƙule kamar ƙwallo. Haka ake yin kai da gangar jiki, a saƙa kunnuwa da ƙafafu dabam a ɗinke. Sirrin aikin yana ga tsaurin saƙa: ana ɗaukar kwarashi siriri, kamar mai milimita 2 da rabi ko 3, domin kada a bar ƙofar da cushe zai leƙo.

Zaren auduga ya fi dacewa da jariri, don yana jure wanki da ruwan zafi. Ulun da ya cika kasuwanni na roba ne, yana da araha da kyan launi, amma idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata, abin lura a gidan da murhu yake tsakar gida. Wajen cushe, audugar da aka gurje sarai ko tsumma mai tsabta sun isa, muddin za a shanya abin ya bushe har ciki bayan kowane wanki, domin damshi yana jawo fumfuna.

Inda haɗarin yake

Idanu su ne babbar matsala. Maɓalli ko dutsen ado da aka ɗinka a fuska yana iya cirewa ya shaƙe yaro. Dokar kayan wasa ta Tarayyar Turai ta hana sa wa abin wasan yaron da bai kai shekara 3 ba duk wani guntu da zai shige bututun gwaji mai faɗin milimita 31 da ɗoriya. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi ido da baki da baƙin zare. Wutsiya da igiya ma kada su yi tsawo. A Danmak, inda aka fara saƙa wa bakwaini dorinar ruwa ta zare a 2013 don su riƙe ƙafafunta maimakon su fizge bututun asibiti, an ƙayyade tsawon kowace ƙafa kada ya wuce santimita 22. Likitocin yara a Amurka kuma suna gargaɗin kada a bar abu mai laushi a shimfiɗar barcin jariri kafin ya cika shekara guda. Wasa da ita sai ido na kansa.

Lissafin kasuwa

Ulu da kwarashi duk daga waje suke zuwa, ta kasuwannin Kano da Sakkwato ko ta Yamai, shi ya sa duk girgizar da ta taɓa iyaka sai ta iso tabarmar masaƙiya. Karya darajar sefa da aka yi a Janairun 1994 ta tsauwala kuɗin kayan waje. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sake tsayar da motoci har watannin farko na 2024. Arewa, wadda ke maƙwabtaka da jihar Kabbi, tana cikin masu fara jin zafin irin wannan.

Ga kuma kishiya: tsanar roba ta masana'antun Sin da tsofaffin kayan wasa da ke fitowa cikin dilar gwanjo. Ta fuskar farashi masaƙiya ba za ta iya ja da su ba, domin ƴar tsana guda takan cinye mata awoyi da dama, kuma har yau babu injin da ke yin saƙar kwarashi ta gaskiya. Ribarta tana ga inganci: abin da ke wankuwa, wanda babu ɓangaren da zai cire, wanda aka san hannun da ya yi shi. Kuskuren da mata da yawa ke yi shi ne su lissafa kuɗin zare su manta da na lokacinsu.

Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a gudummawar suna yana iya ba masaƙiyar unguwarsu aiki tun ciki na wata 7. Ɗan kasuwar da ke sarin atamfa a Kantin Kwari yana iya haɗowa da zaren auduga da ƙananan kwarashi. Cibiyoyin koya wa mata sana'a da gidajen haihuwa na jahar Doso kuwa, su ne suka fi cancanta su koyar da ƙa'idar ido da tsawon igiya, tun kafin tsanar ta isa shimfiɗar jariri.