Ƙasimu Yero, Ɗan Zazzau Mai Horo Da Dariya

Mu da muka yi ƙuruciya a Ƙofar Kibo cikin shekarun 1980 ba mu manta yadda akan taru da dare a gidan mai talabijin, ana jiran Karambana ba. Mai wasan, Ƙasimu Yero, ɗan birnin nan ne, amma a Kaduna ya yi zamansa da aikinsa. Shi Karambana mutum ne mai shiga sharo ba shanu, kullum kuwa sai ya kwashi kunya. Da haka aka hore mu, ba bulala.

Mutanen Kudu ma sun san shi, gama shi ne Uncle Gaga cikin Cock Crow at Dawn, wasan Turanci mai jawo hankalin jama'a ga noma. Ya kuma fito cikin Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da aka mayar wasan talabijin. Ya rasu a Kaduna ran 3 ga Satumba 2017. Allah ya jiƙansa.

To, malamai, yaron nan mai kwaikwayon muryarku in kun fita aji, kada ku yi gaggawar zane shi. Ku ba shi wasa ya shirya muku.