'Yar Tsana Mai Ban Tsoro: Dabarun Labari Daga Budurwar Danƙo Zuwa Majigin Yara

Gabatarwa

A Sanyinna, cikin ƙasar Tambuwal, kamar sauran garuruwan kudancin Sakkwato har zuwa Kebbe, yarinya takan tashi da 'yar tsanarta ta kara ko ta ƙashi, ta ɗaura mata tsumma, ta goya ta, ta yi mata faɗa kamar yadda ta ga uwa na yi wa ɗiya. Ba a jin ta ce tana tsoronta. Amma yarinyar nan ɗaya, in ta kalli wani majigin zane na yara a wayar yayanta, inda 'yar tsana ta juyo da kai ita kaɗai, sai barci ya gagare ta. Maƙasudin wannan lacca shi ne a gano inda tsoron ya fito, a nuna cewa mai ba da labari ne yake gina shi da dabaru sanannu, kuma dabarun nan suna cikin tatsuniyar Hausa tun kafin a ƙago majigi.

Masana sun daɗe da lura da wannan al'amari. A 1906 wani likita Bajamushe, Ernst Jentsch, ya ce abin da ke sa tsigar jiki ta tashi shi ne shakkar ko abu mai siffar mutum yana da rai ko ba shi da shi. A 1919 Sigmund Freud ya yi masa gyara da cewa ƙananan yara ba sa tsoron 'yar tsana ta rayu, hasali ma burinsu ke nan. Ashe ke nan 'yar tsana ita kaɗai ba ta isa ta tsorata yaro ba, sai an sa ta cikin labari an shirya mata wuri.

Tatsuniyar

Tatsuniyar da za a ɗora bayani a kanta ita ce ta Gizo da budurwar danƙo. Ruwayoyinta sun sha bamban daga gari zuwa gari, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Ɓarawo ya addabi wata gona, an yi fako an gaji. Sai aka gina budurwa da danƙo, aka yi mata ado, aka kafa ta a tsakiyar gonar. Da dare Gizo ya zo sata, ya gan ta, ya gaishe ta, ta yi shiru. Ya kai mata hannu, hannu ya manne. Ya kai ɗayan, ya manne. Haka ƙafa da ƙafa, har ya kai ga kai, gari ya waye masa a nan.

Labarin ba na Hausawa kaɗai ba ne. Mutanen Asante na Gana suna da shi, inda Ananse, gizonsu, shi ne ya kafa tarkon. Bayin da aka kwashe daga Afirka sun tafi da irinsa Amurka, Joel Chandler Harris ya buga shi a littafinsa na Uncle Remus a 1880, da zomo a madadin Gizo, da kwalta a madadin danƙo. A 1943 Aurelio Espinosa ya yi nazarin ruwayoyi 267 na labarin daga sassan duniya. A 1946 kuma kamfanin Disney ya mai da shi zane mai motsi a cikin Song of the South, fim ɗin da ya sha suka saboda yadda ya ƙawata zaman baƙar fata a gandayen kudancin Amurka. Ta wannan hanya tatsuniyar ta shiga majigin yara, don haka kwatanta su biyun yana da tushe.

Dabara ta farko: mai sauraro ya riga tauraro sani

Mai tatsuniya ba ta ɓoye wa yara yadda aka yi budurwar. A gabansu ake tara danƙon, a gabansu ake kafa ta. Gizo kaɗai aka bari cikin duhu. Saboda haka tun daga sa'ad da ya doshi gonar, yara sun fara ɗar-ɗar, domin sun san abin da ke jiransa, ba su kuwa da ikon gargaɗinsa. Fim ɗin Coraline na 2009, wanda Henry Selick ya shirya daga littafin Neil Gaiman na 2002, da wannan dabara ya buɗe. Kafin a ga yarinyar da labarin yake kanta, sai da aka nuna wasu hannaye masu yatsun allura suna farke wata 'yar tsana, suna sake ɗinka ta da kamannin yarinyar, suna sa mata maɓallai a gurbin idanu. Da aka kawo wa yarinyar ita, mai kallo ya riga ya san ba kyautar alheri ba ce.

Dabara ta biyu: shiru

Wannan ita ce uwar dabarun. A ƙasar Hausa gaisuwa bashi ce, wanda aka gaisar dole ya amsa. Mutumin da aka yi wa sallama cikin dare ya yi shiru, ɗayan biyu ne, ko mai raini ne, ko kuwa ba mutum ba ne. Gizo ya ɗauki fassarar farko, ya fusata. Yaron da ke sauraro, ko da ya san danƙo ce, zuciyarsa takan ɗan karkata ga ta biyun, musamman in mai tatsuniyar gwana ce, ta yi gaisuwar da tsamin bakin Gizo, sa'an nan ta tsaya cik na ɗan lokaci ba ta ce komai ba. A cikin wannan ɗan tsayawa ne budurwar take samun rai.

A Toy Story na 1995, dogon fim na farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta, kayan wasan yara suna magana suna raha, babu mai tsoronsu. Waɗanda ke ba da tsoro su ne na ɗakin mugun yaron nan Sid, waɗanda ya kakkarya ya harhaɗa, har da kan jariri bisa ƙafafun ƙarfe irin na gizo-gizo. Su ne aka hana wa magana. Da za su buɗe baki su gaisa da baƙi, da rabin tsoron ya tafi.

Dabara ta uku: maimaici mai hauhawa

Hannu, hannu, ƙafa, ƙafa, kai. Sau biyar ake maimaita abu guda, da gargaɗi iri ɗaya daga bakin Gizo kafin kowane duka, amma a kowane karo sauran hanyar tsirarsa tana raguwa. Yaro yana ƙirge da gaɓoɓin jikinsa, ya san saura nawa. Amfanin maimaici biyu ne: yana sauƙaƙa hadda, shi ya sa yaron da ya ji tatsuniyar jiya yake iya ba da ita yau, yana kuma ƙara matsi daki-daki. A Coraline ma yarinyar ba sau ɗaya take ratsa 'yar ƙofar zuwa ɗaya gidan ba. Tana komawa, kowace komawa kuwa daɗin wurin yana ƙaruwa, tarkon yana ƙara tsukewa.

Dabara ta huɗu: abin gida a wurin da ba nasa ba

Budurwa a dandali da hasken farin wata ba abin mamaki ba ce. Budurwa ita kaɗai a tsakiyar gona da tsakar dare, nan ne magana ta canza. Manomin gero ya san wannan sarai, domin mutum-mutumin da ya kafa da hannunsa don korar tsuntsaye yakan ba shi kansa faɗuwar gaba in ya ci karo da shi da almuru. Masu majigi suna yin haka da haske da inuwa: 'yar tsanar da aka gani kan gado da rana, ita ce za a nuna da dare a wani wurin da ba nan aka ajiye ta ba, ba tare da an nuna sa'ad da ta motsa ba.

Dabara ta biyar: ƙofar fita

Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Ana buɗe ta da “ga ta nan, ga ta nanku”, daga nan ne ma mutanen Sakkwato suke kiranta gatana, a rufe ta da “ƙurungus”. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu kowa ya yarda ƙarya ake yi, shi ya sa ake cewa ƙaryar Gizo. Daɗin daɗawa, tsoron yakan ƙare da dariya. Gari ya waye, budurwar ta koma danƙo, ɓarawo ya sha kunya, a wasu ruwayoyin ma ya yaudari wata dabba ta maye gurbinsa. Yaro ya tashi da darasi biyu: sata da saurin fushi su suka kama Gizo, abin da ya tsorata shi kuwa ba komai ba ne. A Toy Story ma haka aka yi, domin a ƙarshe kayan wasan Sid su ne suka gyara wanda ya karye, suka taimaki baƙin suka tsira.

Inda suka rabu

Bambancin tatsuniya da majigi yana ga kunne da ido. Mai sauraron tatsuniya shi yake zana budurwar a zuciyarsa, kuma ba ya zana abin da ya fi ƙarfinsa. Mai ba da ita, kaka ce ko gwaggo, tana ganin fuskokin yara, in ta ga ƙarami ya fara maƙalewa jikin yayarsa sai ta sassauta murya, ta jawo ban dariya. Majigi kuwa hoto ɗaya yake ba ɗan shekara huɗu da ɗan shekara goma sha biyu, ba ya ganin fuskar kowa. In kuma gutsure aka kalla a waya, wanda aka yanko daga tsakiyar fim, to an ba yaro dabaru huɗun farko an hana shi ta biyar. An shigar da shi ɗaki an kulle ƙofa, shi ya sa tsoron yake bin sa shimfiɗa.

Kammalawa

Daga wannan bayani abu biyu suka fito. Ga iyaye da malamai da jami'an ilmi, ma'aunin labarin ban tsoro na yara shi ne a duba ko ya mai da yaro gida lafiya, watau ko an warware masa abin da aka ƙulla, ko kuma akwai babba kusa da zai yi aikin da kaka take yi. Hana yaro jin tsoro ɗungurungum ba ya yiwuwa, tatsuniya ma ba ta taɓa nufin haka ba.

Ga ɗaliban adabi kuma masu sha'awar shirya majigin yara da Hausa, kayan aiki suna nan jibge. Littattafai uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, waɗanda da yawa daga abin da ke cikinsu malaman Sakkwato ne suka rubuta, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, sun isa mafari. Abin da littafi ba ya iya adanawa shi ne murya da wurin tsayawa. Wannan sai ɗalibi ya je Sanyinna ko irinta da na'urar ɗaukar magana, ya zauna gaban tsohuwar da ta iya, ya auna tsawon shirun da take yi bayan Gizo ya yi sallama.